Benaye Biyar, Hawa Ɗaya



Ƴan uwa masu karatu, a watan Yuni na shekarar 2023 Allah ya nufe mu da ziyartar babban ɗanmu a birnin New York na ƙasar Amurka, tare da uwargida Hajiya. Shekararsa 14 ke nan a can yana tuƙin taksi, ya kai iyalinsa, Allah ya ba su ƴaƴa biyu, mace da namiji, amma sai a wannan karo ƙafarmu ta taka gidansa da ke unguwar Bronx. Mako uku muka yi. Cikin abubuwan da muka gani da waɗanda muka ji, wanda muka zaɓa mu kawo muku ƙarami ne a ido, wato shawarar da ta ci wa iyali kwana huɗu a kan wane dogon bene za a hau a hangi gari. Da yawa daga cikinmu suna da ɗa ko ƙane a wannan birni, kuma duk wanda ya je sai an yi masa irin tayin da aka yi mana.

Kafin mu shiga labarin, akwai abu ɗaya da ya kamata ku sani. Da za mu baro Maraɗi, dangi da maƙwabta sun yi ta zuwa sallama, kusan kowa da saƙonsa ga yaron. Wannan rufin ɗakinsa ya zube, wancan zai aurar da ƴa, wani wayar hannu yake so, wani jari. Aka rubuta buƙatun a takarda, suka kai 17, Hajiya ta ninke ta ta sa a jakarta da niyyar a miƙa masa ranar da za mu taso. A lokacin ba mu ga laifin haka ba. Mun saba, shi ma ya saba, kuma bai taɓa cewa ba shi da shi ba.

Ranar wata Asabar da dare, bayan an ɗauke kwanonin tuwo, sai ya gyara zama ya ce, "Baba, ba za ku koma gida ba sai kun ga garin nan daga sama." Ya bayyana mana cewa akwai manyan benaye biyar da aka ware wa baƙi wurin hange a samansu, ana sayen tikiti a hau. Kuɗin babban mutum a lokacin ya kai dala 40 ko fiye, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba, wato wajen jikka 25. Mu shida ne, har da surukarmu da jikoki biyu. Da muka yi lissafi a zuci muka ga abin ya doshi jikka 140, kuɗin da zai riƙe wani gida wata guda a wurinmu, sai muka ce masa in dai ba makawa, to bene ɗaya ya isa. Daga nan gardama ta tashi, domin kowa da nasa.

Mu dai tun farko zuciyarmu tana kan Empire State. Hotonsa yana cikin littafin labarin ƙasa da muka daɗe muna koyarwa da shi a lakwal, har mun haddace adadinsa kamar na gonar gado. An buɗe shi a 1931 bayan aikin kwana 410 kacal, hawa 102 gare shi, tsawonsa mita 381, in an haɗa da sandar da ke kansa mita 443, kuma ya yi kusan shekara 40 babu ginin da ya kai shi a duniya. Akwai baranda a buɗe a hawa na 86 da wani ɗakin gilashi a hawa na 102. Ban da haka, a shekarar 2007 aka fara haska kansa da koriyar fitila domin Ƙaramar Salla, abin da ya ƙara masa daraja a idonmu. Yaron ya saurara har muka gama, sa'an nan ya ce cikin ladabi, "Gaskiya ne, Baba. Sai dai in kun hau shi, shi kaɗai ne ba za ku gani ba." Muka rasa amsa. Shekaru muna nuna wa yara hoton gini, ga shi za mu biya kuɗi mu tsaya a wuri ɗaya tak da ba a ganinsa.

Shi kuwa nasa zaɓin One World Trade Center ne, kuma dalilinsa a fili yake: ya fi kowane gini tsawo a nahiyar Amurka, mita 541, saboda haka shi ya dace da iyaye. An buɗe wurin hangensa a 2015, a hawa na 100 zuwa na 102, kuma lif yana kai mutum can cikin daƙiƙa 47. Daga nan ake ganin bakin teku da jiragen ruwa da Mutum-mutumin Ƴanci sosai. Amma duk a bayan gilashi ake, ba a jin iska, kuma ginin yana can ƙarshen kudancin tsibirin Manhattan. Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne wurin da aka gina shi. A harabar nan ne tagwayen benaye suka rushe a harin 11 ga Satumba 2001, harin da ya ci rayuka kusan 3,000, har da Musulmi. Muka ce za mu je mu tsaya a bakin tafkuna biyu da aka yi a gurbin benayen, inda aka zana sunayen mamatan, kuma daga baya mun je. Amma ba mu so mu haɗa wannan tsayuwa da dariyar yara da ɗaukar hoto a rana ɗaya ba.

Jikanmu namiji, mai shekara 8, ba ya jin kira sai na Edge, wanda aka buɗe a watan Maris na 2020 a gefen kogin Hudson. Baranda ce mai kusurwa uku da ta turo baki waje daga hawa na 100, sama da mita 330 daga ƙasa, kuma a tsakiyarta an shimfiɗa gilashi a maimakon daɓe, mutum ya taka yana kallon motoci a ƙarƙashin tafin ƙafarsa. Da ya nuna wa kakarsa hoton a waya, sai ta kau da kai ta ce, "Maigida, in so kake ka rabu da ni ka auri yarinya, ka faɗa a fili, ba sai ka kai ni nan ba." Aka yi dariya, amma kowa ya gane cewa an rufe wannan babi.

Yayarsa mai shekara 11 ita Summit take so, a ginin One Vanderbilt da ke maƙwabtaka da babbar tashar jirgin ƙasa ta Grand Central. An buɗe shi a watan Oktoba na 2021, kuma ƙawayenta duk sun je sun yi hotuna. Can bango madubi ne, rufi madubi, daɓe ma madubi. Surukarmu ba ta ce komai ba a gabanmu, sai da safe ta bi Hajiya madafa ta raɗa mata cewa masu wurin da kansu suna shawartar baƙi su sa wando, saboda daɓen yana nuna abin da ke samansa. Hajiya mai zane ce tun tana yarinya. Wannan ma aka ajiye shi ba tare da an yi dogon bayani a gaban yara ba.

Saura na biyar, wanda ake kira Top of the Rock, a kan babban ginin cibiyar Rockefeller. Shi babu wanda ya tsaya masa, domin shi ne mafi gajarta a cikinsu: hawa 70, mita 260. An gama ginin a 1933, an rufe wurin hangensa a 1986, aka sake buɗe shi a 2005. Yaron ya ambace shi ne kawai don cika lissafi. A ganinsa, kai iyayen da suka ƙetaro teku bene mafi gajarta kamar a yanka wa babban baƙo ɗan tsako ne alhali ga rago a ɗaure.

Aka tsayar da Laraba 7 ga Yuni, ranar hutunsa, ko da yake ba a tsayar da bene ba. Sai ga wani abu da babu wanda ya sa shi a lissafi. Gobarar daji da ke ci a ƙasar Kanada ta turo hayaƙi kudu, ya lulluɓe New York. Da azahar ɗin ranar sama ta koma ja kamar garin barkono, ana jin ƙaurin itace har cikin ɗaka, hukuma ta shawarci mutane su zauna a gida, masu fita suka koma sa takunkumi. Mutanen gari sun firgita. Mu da muka taso cikin hazon hunturu abin bai zame mana baƙo ƙwarai ba, sai dai namu ƙura ce, nasu hayaƙi. Daga tagar gidan ko benen da ke ƙarshen layi da ƙyar ake gani. Tikitin waɗannan wurare na rana da sa'a ne, kuma da mun daidaita tun ranar Asabar da mun riga mun saya. A nan gardama ta yi mana rana.

A wannan yini na zaman dole ne Hajiya ta yi magana. Kun san al'adarmu: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna damuwa da shi a gaban jama'a. Hajiya tana cikin masu riƙon wannan alkunya da gaske. Shekara 14 in ya bugo waya, sai ta amsa gaisuwa a taƙaice ta miƙo mana, ko ta ce a ba ta jikokinta. Ba ta taɓa tambayarsa yadda yake kwana da yadda yake tashi ba. To, ranar nan tana zaune tana jan carbi, sai ta dubi jikan ta ce, "Maigida, a cikin benayen nan naku, daga wanne ake hango unguwar nan da hanyoyin da ubanka yake bi?" Ɗakin ya yi tsit. Yaron ya sunkuyar da kai, can ya juyo wajenmu, tun da ba shi aka tambaya ba, ya ce, "Sai dai na Rockefeller, Baba. Shi ya fi sauran kusa da arewa."

Tambayar ta tuna mana da wata rana a farkon aikinmu, da aka tura mu Agadas muka samu izinin hawan hasumiyar babban masallaci, mai tsawon mita 27. Mu huɗu muka kutsa ta ƴar siririyar matakala muka fito sama. Ga duwatsun Abzin, ga fadar Sarki, ga gari shimfiɗe, amma abin da kowannenmu ya fara nema shi ne rufin gidan da ya sauka. Kwana huɗu muna auna benayen New York da mita da shekara da suna, babu wanda ya tambayi abin da ake so a gani sai ita.

Da ƙarshen mako ya zo sama ta washe. Muka zaɓi hantsin Lahadi, domin tikitin faɗuwar rana ya fi tsada, ya fi cunkoso, kuma a watan Yuni rana ba ta faɗuwa a can sai wajen ƙarfe 8 da rabi, ga Magariba za ta riski mutum a tsakiyar taro. Yaron ya dawo daga aiki da asuba, bai runtsa ba ya yi wanka muka fita. Jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba D ya ɗauke mu daga Bronx ya sauke mu a ƙarƙashin cibiyar kanta. Aka bincike jakunkuna kamar a filin jirgin sama, muka shiga lif, kafin minti ɗaya kunnuwa sun toshe, ƙofa ta buɗe a hawa na 67. Daga nan muka ƙarasa na 69, inda aka kewaye baranda da dogon gilashi, sa'an nan na 70, inda babu abin da ke tsakanin fuska da iska. Tsayin ya kusa ninka hasumiyar Agadas sau goma.

Kudu muka fara fuskanta, sai ga Empire State tsaye a gabanmu tun daga kafaɗa har sandar kai, kamar yadda yake a littafi, can bayansa kuma One World yana ƙyalli a bakin ruwa. Muka samu biyan buƙatarmu fiye da yadda za mu samu da an bi son ranmu. Jikoki suka yi hotunansu. Hajiya ta ba wajen kallo ɗaya ta nemi arewa.

Titunan Manhattan da lamba suke, lambar tana ƙaruwa in an nufi arewa, kuma mu muna kan na 50. Daga titi na 59 zuwa na 110 makeken lambun nan ne na Central Park, tsawonsa kilomita 4, faɗin filinsa hekta 341, kore shar a tsakiyar duwatsun gini. Wasu sababbin benaye sirara da aka gina a titi na 57 sun tare wani sashe nasa, amma ana ganin yawancinsa. Ta hagu ga kogin Hudson da gadar George Washington. Yaron ya tsaya a gefenmu yana nuni da hannu, da mu yake magana, amma ya ɗaga murya yadda ta bayanmu za ta ji. Ya ce bayan lambun unguwar Harlem ce. A can titi na 125 ne ƴan kasuwarmu na Nijar suka yi ta baza kaya a gefen hanya, har hukumar gari ta tashe su a 1994 ta mai da su kasuwar titi na 116. Wani dattijo daga cikinsu ne ya sauke shi da ya zo a 2009. Shekara biyu ya yi yana kwana a ƙasan ɗakinsa, su shida, masu aikin dare suna karɓar shimfiɗar masu aikin rana. Ba mu taɓa jin wannan ba sai ranar. A shekarun nan biyu babu watan da saƙonsa bai iso Maraɗi ba.

Bayan Harlem akwai wani ƙaramin kogi, bayansa Bronx. Gaskiya ita ce ba a ga gidan ba. Daga wannan nisa unguwar ta zama wani dishi-dishi na jajayen gine-gine, babu mai iya ware ɗaya daga cikinsu. Amma an ga abin da ya fi gidan. An ga faɗin garin, da gadoji, da jirage suna sauka can gabas inda yake zuwa ɗaukar fasinja, da titunan da ke miƙe kamar kunyoyin gona, da motocin taksi masu ruwan ɗorawa suna rarrafe a ƙasa kamar tururuwa. Hajiya ta daɗe tana kallonsu, iska tana kaɗa mayafinta. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Duk wannan da dare?" Ya ce, "Da dare, Hajiya. Daga Magariba zuwa asuba." Ta ce, "Har da lokacin ƙanƙara?" Ya ce, "Har da shi." Iyakar hirar ke nan, kuma a saninmu ita ce mafi tsawo da suka taɓa yi a gaban mutane. Da za mu sauka ta kama hannun jikan ta ce, "Maigida, ka ce wa ubanka ya riƙa barci."

Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba. Mu hange muka yi na sa'a ɗaya da rabi, shi ne ya shiga. Amma ko hangen ya isa ya sauya lissafi. Daren da za mu taso, Hajiya ta fito da takardar nan ta miƙo mana da alƙalami. Ta sa muka soke buƙata 15, aka bar biyu: maganin wata gwaggo da ke kwance da kuɗin makarantar wani maraya. Da muka dawo gida ita ta tari masu saƙo da kanta, ta ba kowa tsarabarsa ta turare da hula, ta ba shi haƙuri. Wasu sun fahimta, wasu sun yi fushi har yau gaisuwa sama-sama ake yi. Ba ta janye ba.

Ga wanda Allah ya kai shi wannan birni aka yi masa irin wannan tayi, shawararmu ita ce ya fara da tambayar abin da yake so ya gani. Mai son teku da Mutum-mutumin Ƴanci ya nufi One World. Mai son ya ce ya taka ginin tarihi ya hau Empire State, mai son ya ga ginin kansa da lambun ya hau na Rockefeller. Matasa masu ƙarfin zuciya ga Edge nan, kuma mata su san zancen daɓen Summit tun kafin a sayi tikiti. Kada a saya sai an duba yanayin sama na ranar, domin gajimare ko hazo yana iya mai da kuɗin asara. A lura da lokacin salla, a riƙa wa tsofaffi abin rufa ko da bazara ce, saboda iskar sama daban take da ta ƙasa. A tambayi farashi, domin yana sauyawa. Wanda kuma ya ga kuɗin ya yi wa mai masaukinsa nauyi, kada ya ji kunyar cewa a bari. Akwai jirgin fito da ke zuwa tsibirin Staten kyauta, tafiyar minti 25, yana wucewa ta gaban Mutum-mutumin Ƴanci, kuma daga cikinsa ana ganin benayen kudancin gari jere a bakin ruwa. Mun shige shi, bai ci mana ko sisi ba.

Maƙwabta da suka zo yi mana barka da dawowa sun yi ta tambaya ko mun hau benen nan da ya fi kowanne tsawo. Hajiya takan ce musu a'a, wanda ya fi gajarta muka hau, sai ta shiga wani zance. Jikan kuwa har yanzu in ya bugo waya sai ya tuna mata cewa tana da bashin daɓen gilashi, ita kuma ta ce ya bari sai ta sake miji.

Allah ya tsare ƴaƴanmu da ke nema a ƙasashen mutane, ya sa albarka a guminsu, ya ba mu da ke gida ikon tausaya musu. Wassalam.